Ziyarar Ikkilisiyoyin Ƙetare Daga Katsina: Tambayoyi Da Amsoshi

Tun da aka san ni da jagorantar 'yan'uwa zuwa ziyarar ikkilisiyoyin ƙetare, ba na samun sararin gaisawa da kowa a ƙofar coci ranar Lahadi. Da an tashi sujada sai wani ya riƙo mini hannun riga: Baba Dattijo, yaushe za a sake tafiya, nawa ne, me ake buƙata? Nijar na je ta ba adadi. Habasha sau ɗaya, Masar sau ɗaya, Isra'ila sau ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa idan an bar ni na kai aya.

Baba Dattijo, me zai sa mutum ya bar cocinsa ya tafi na wata ƙasa? Ba Ubangiji ɗaya ake bauta wa ba?

Ɗaya ne. Amma wanda bai taɓa cin tuwon wani gida ba gani yake uwarsa kaɗai ta iya miya. Mu nan mun saba da yadda muke yin abubuwanmu, har mun fara ɗaukar sabon a matsayin koyarwar Littafi Mai Tsarki. Yadda ake jera benci, tsawon wa'azi, wanda zai yi sanarwa, sau nawa za a zaga da kwanon baiko. Sai ka zauna cikin wasu masu bi da ba su san tsarinku ba, ka ga sujadarsu na tafiya daidai, sannan za ka iya rarrabe abin da yake umarni da abin da yake al'adar gidanku kawai. Wannan ne ribar tafiyar. Wanda ya tafi don ya koyar da su, ko don ya roƙe su, gara ya adana kuɗin motarsa.

Wace ƙasa ya kamata a fara da ita?

Nijar, ba tare da wani dogon tunani ba. Na san matasa ba sa son wannan amsa. Da an ce ƙetare, jirgi suke hangowa da rigar sanyi. To daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ta Jibiya da Ɗan Isa. Mutumin Daura kuma ya bi ta Kwangwalam ya nufi Damagaram. Ka karya kumallo a gidanka, ka ci abincin rana a wata ƙasa mai wani kuɗi, wata tuta, wata doka.

Kuma ba baƙi za ka tarar ba. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ta wajen bishara ma tushen ɗaya ne. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda aikinsu ya haifi ɗariƙar ECWA a 1954, sun shiga Nijar a 1924, suka fara zama a Damagaram, bayan 'yan shekaru suka buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Babbar ɗariƙar da ta fito daga wannan aiki ita ce ake kira EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. In ka shiga cocinsu za ka ga Littafi Mai Tsarki na Hausa irin naka, waƙoƙin da ka sani tun kana Makarantar Lahadi, mata da tulu da caki. Bambancin shi ne Kiristocin can ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasarsu ba. Mu da ke kukan mu 'yan tsiraru ne a Katsina, in mun je can sai bakinmu ya mutu. Akwai ƙauyen da muka yi sujada mu goma sha huɗu har da jarirai, a ƙarƙashin rumfar kara, mai bisharar kuma da ya sauke mu gida sai ya ɗauki fartanya ya nufi gona, domin ba albashin da zai riƙe shi.

In mun je, me za mu gani ban da sujadar Lahadi?

Nan ne maganar take. Sujada ta awa biyu ce, hidima kuwa ta kwana bakwai.

Kafin ka shiga Maraɗi daga wajenmu za ka wuce Danja. Ba Danjarmu ta wajen Bakori ba, wannan wata ce. Akwai asibitin mishan a can da aka kafa domin masu cutar kuturta, a 2012 kuma aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a harabarsa. Bakatsine zai ji abin ya taɓa shi, domin tarihin asibitin Babbar Ruga na nan Katsina ke nan kusan kalma da kalma: wurin kutare ne da 'yan mishan suka riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, yau kuma cibiyar yoyon fitsari ce ta ƙasa. Can yamma, tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni, akwai Galmi, garin albasar nan da ta yi suna, inda asibitin SIM ke aiki tun 1950. Marasa lafiya har daga Najeriya suke ƙetarawa zuwa can. Ku nemi izini ku bi ma'aikatan da ke zagaya gadaje suna gaida majinyata. Ku lura da yadda suke tambaya kafin su yi wa mutum addu'a, da yadda suke wucewa cikin mutunci in ya ce a'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba a asibiti na gan shi ba, a gona ne. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 don dashen itatuwa. Yana dasawa suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye saura. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya fara roƙon manoma kada su share su duka. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da farko dariya aka yi masa, don a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, lokacin da aka haɗa rabon abinci da wannan aiki. Yau suna kiransa sassabin zamani, kuma ana ƙiyasta ya dawo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Wani tsoho Musulmi ne ya zagaya da mu gonarsa, gawo da kalgo da sabara a tsaye cikin gero. Ya tsuguna ya nuna mana da 'yar wuƙarsa yadda ake yankan reshe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ɗaya daga cikin matasanmu ya tambaye shi ko ya san 'yan mishan ne suka kawo dabarar. Ya ce, "Yaro, na sani mana. Itacen dai bai tambaye ni addinina ba." Matarsa ta daina tafiyar rabin yini neman itacen girki.

Da Faransanci ake sujadar?

A manyan cocin birni akan haɗa Faransanci da Hausa, da mai fassara. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram Hausa ce zalla, wani lokaci ma ta fi tamu tsabta. Sai dai kunnenka ya saba da 'yan kalmominsu: lakwal ita ce makaranta, mushe malamin makaranta, duwan kwastan, jandarma kuma za ka gan su da idonka a hanya.

Lissafin kuɗi ne ke kayar da baƙo. Da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In mai ƙosai ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jika ɗaya sefa 1,000. Wata mama a cikinmu ta ji an ce dala ɗari, ta dafe ƙirji tana salati irin namu, ta ɗauka dalar Amurka ake nufi.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Na san mutanen kan iyaka na shige da fice da katin ɗan ƙasa ko ma hannu rabbana, amma ayarin coci ba ɗan kasuwar Jibiya ba ne da kowa ya san fuskarsa. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka kada ka dogara da yadda aka yi shekaru biyar da suka wuce. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A makon tafiya ku kira mai masaukinku, ku kuma tambayi direbobin tashar Maraɗi. Sun fi rediyo sanin halin da ake ciki.

Habasha, Masar da sauransu sai da biza. Ku nema ta ofishin jakadanci ko shafin gwamnatin ƙasar na intanet. Wani dillali ya taɓa karɓe mana fasfo shida da kuɗi masu kauri, ya yi ta mana gobe-jibi har ranar tafiya ta wuce. Fasfon dai mun karɓo da ƙyar.

Hanyar lafiya kuwa?

Ba zan ɓoye muku ba, yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga. Da hantsi ake tafiya, da rana ake dawowa, ba a sanar da ranar tashi daga bagade, ba a kuma liƙa wa mota ƙyallen da ke shelar ko su wane ne a ciki. In mai masauki ya ce a dakata, a dakata. Mun taɓa ɗage tafiya sau uku a shekara ɗaya.

Sai an gayyace mu, ko za mu iya faɗawa kawai?

Baƙon da bai yi sallama ba, ko an ba shi ruwa ba a ba shi labari. Fastonku ya rubuta wasiƙa, shugabannin gunduma su sa hannu, a aika wa shugabannin ɗariƙar can tun wata biyu kafin lokaci. A faɗi adadinku, maza nawa mata nawa, kwana nawa, da abin da kuke son gani. Su za su zaɓa muku lokaci. Kada ku je da damina sa'ad da kowa ke gona, kada ku je da Kirsimeti sa'ad da gidan fasto ya riga ya cika da dangi.

Ni ɗan Katolika ne. Wannan maganar ta shafe ni?

Ƙwarai. Ku ma hanyarku ta fi sauƙi, don tsarin ɗaya ne ko'ina. Maraɗi na da dayosis tun 2001, Katsina ta samu nata a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa. Takardar Fada, wato limamin cocinku, ta ishe ka.

Mutum nawa ya dace?

Shida zuwa takwas. In kun kai mota biyu kun zama biki, masu masauki kuma sun zama masu girki.

Nawa tafiyar za ta ci?

Duk adadin da na rubuta yau, kafin ka karanta canji ya sauya shi. Abin da ba ya sauyawa shi ne kowa ya biya wa kansa mota da abinci, a kuma ware wani abu don gidan da za a sauka. Ba na goyon bayan a taɓa baikon ikkilisiya domin tafiyar dattawa.

Za mu kai musu taimako? Kuɗi ko kaya?

A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya. A tafiyata ta biyu wata ƙaramar ikkilisiya ta burge mu, muka yi karo-karo a daren Asabar. Da safe bayan wa'azi na miƙe, na kira mai bisharar gaba, na damƙa masa ambulan a idon jama'a, har aka tafa. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki. Bayan wata huɗu labari ya iso ni: wasu sun ce kuɗin na rufin coci ne, wasu sun ce nasa ne, wasu sun ce abin da ya nuna bai kai abin da aka ba shi ba. Baiko ya ragu, tunda ai yanzu yana da mutanen Najeriya. Mutumin da ya shekara tara yana hidima ba wanda ya taɓa zarginsa, ni na je na ɗora masa zargi cikin minti biyar. Da na koma na ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Baba, ba kome, amma da kun tambaye ni da na ce ku ba ma'aji."

Tun daga nan ga yadda muke yi. Tsarabar gida, wato buhun masara ko shinkafa, sabulu, man girki, ta tafi hannun matar fasto tun daren isowa, ba tare da jawabi ba. Littattafan waƙoƙi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ba dattawa su raba. Kuɗi kuwa, in za a bayar, sai an dawo gida, an yi shawara, an tura ta hannun shugabanninsu da takarda mai faɗin abin da za a yi da su. Kuma kada bakin kowa ya furta alkawari. "Za mu duba" a wurinka sallama ce, a wurin wanda rufin cocinsa ke yoyo kuwa alkawari ne, zai yi ta jiran kiranka.

Idan aka ce in yi wa'azi fa?

Za a ce, don karamci ne. Ka yi godiya, ka roƙi a bar ka ka kawo gaisuwa da gajeriyar shaida. In ka hau bagade ka cinye lokacin, wa'azin wa ka zo ji? In sun matsa, minti ashirin, kuma ka bar siyasar ƙasarsu inda ka same ta. Ba ka san wanda ke zaune a bencin baya ba, kuma kai Litinin za ka tafi, su za su kwana.

An ce an ƙona coci-coci a can. Ya dace mu tambaye su?

Ya faru a watan Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, lokacin zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga. An ƙona majami'u da dama cikin kwana biyu. Kada ka zama kai ne mai tayar da zancen. In kun kwana biyu tare, da dare bayan an ci tuwo, su da kansu za su kawo shi. Abin da na ji daga bakinsu ya haɗa da wuta da gudu, ya kuma haɗa da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye iyalai a ɗakunansu. Ka saurari duka biyun, ka kawo duka biyun gida.

To Habasha fa? Me ya kai ka can?

Taro ne ya kai ni, na ƙara kwana biyar a kaina. Akwai jirgi daga Kano zuwa Adis Ababa. Habasha na gyara wa mutum wani tunani da aka daɗe ana cusa mana, wai addinin Kirista kayan Bature ne. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi bangaskiya tun ƙarni na 4. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan, tunda wurin Najjashi, sarki Kirista, sahabbai suka yi hijirar farko. A Lalibela akwai majami'u 11 da aka sassaƙa daga cikin dutse, daga sama zuwa ƙasa, kimanin shekara 800 da suka wuce, kuma har yau ana sujada a cikinsu.

A cocin Otodoks takalmi ake cirewa a ƙofa, maza gefe mata gefe, kowa ya yafa farin mayafi. Sujadar da tsohon harshensu na Gi'iz ake yi, a tsaye, awoyi, har akwai doguwar sanda da ake dogarawa a kai. Laraba da Juma'a azumi ne, ba nama ba madara. Kirsimetinsu 7 ga Janairu.

Amma 'yan'uwanmu na kusa su ne Kale Heywet, wato Kalmar Rai, waɗanda su ma daga SIM suka fito. Labarinsu ya kamata kowane ɗan ECWA ya sani. 'Yan mishan sun shiga a 1927. Da Italiya ta mamaye ƙasar aka kore su a 1937, suka bar masu bi da ba su kai ɗari ba a yankin Wolaita, ba cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensu, ba kuɗi. Da suka dawo bayan 'yan shekaru, dubbai suka tarar. Manoma ne suka yi ta bi ƙauye-ƙauye a ƙafa, ana kama su ana bulala. Na zauna ina jin wannan sai na tuna sau nawa muka ce aikin bishara a wani ƙauye ya tsaya don ba a turo babur ba.

Gargaɗi ɗaya: agogonsu daban ne. Daga fitowar rana suke fara ƙirga. An ce mana sujada ƙarfe uku, muka yi kwanciyarmu muna jiran la'asar, ashe tara na safe ake nufi. Fasto ya zo ɗaukarmu ya tarar da ni da zane a ɗaure ina wankin safa.

Masar ba ƙasar Musulmi ba ce? Akwai abin gani?

Kusan mutum ɗaya cikin goma na Misirawa Kirista ne, akasarinsu Kibɗawa, waɗanda ke danganta kafuwar ikkilisiyarsu ga Markus mai bishara a Iskandariya. Shugabansu tun 2012 shi ne Paparoma Tawadros na Biyu. Da Larabci suke magana, Allah suke cewa kamar mu, da yawansu da ɗan zanen gicciye a cikin wuyan hannu. Da yake Juma'a ce ranar hutu, cocinsu kan cika ran Juma'a.

Masu yawon buɗe ido tsohuwar Alƙahira ake kai su. Kai ka ce a kai ka Mukattam. Unguwar masu kwasar shara ce, mafi yawansu Kirista. Motarka za ta ratsa lunguna cike da buhunan bola, yara da mata na tsince roba da kwali a ƙofar gida, wari kamar ya ɗauke maka numfashi. Sai kawai ka ɓullo gaban wata majami'a da aka fafe a jikin dutse, mai ɗaukar dubban mutane. Tun shekarun 1970 aka fara hidima a cikinsu, kuma ba a jira sun bar sana'ar shara ba kafin a ɗauke su mutane. Na tuna 'yan bola-jari da ke wucewa ta ƙofar cocinmu kullum, ban taɓa sanin sunan ko ɗaya ba.

Za mu ci Jibin Ubangiji tare da su?

A cocin Otodoks da Katolika, in ba ɗan ɗariƙar ba ne kai, a'a. Ka zauna a wurinka, ba raini ba ne. A sauran, ka tambayi fasto tun kafin a fara. Hotuna da turaren da za ka gani kuma ka bar muhawararsu sai an tambaye ka.

Wanda ya je Isra'ila da hukumar alhazan Kirista, ai ya yi irin wannan ziyarar ko?

Ba ɗaya ba ne. Hukumar NCPC, wadda dokar 2007 ta kafa, wurare take kai mutane: Urushalima, Baitalami, Nazarat, Tekun Galili, Kogin Urdun. Tafiya ce mai albarka, na yi ta. Amma daga bas zuwa otal ne, da mai jagora yana ɗaga tuta yana cewa a yi sauri. Za ka iya dawowa da JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunanka ba ka gaisa da Kirista ɗaya mazaunin ƙasar ba, alhali akwai Larabawa Kirista a Baitalami da Nazarat da kakanninsu ke wurin tun fil azal. In ka samu zuwa, ko mai sayar da tsarabar itacen zaitun ne ka tsaya ka tambaye shi cocinsu.

Ingila da Amurka fa?

Ban je ba, ɗiyar ƙanena da ke aikin jinya a Ingila ce ke ba ni labari. Ginin coci ƙato, mutum talatin a ciki, yawancinsu masu furfura, sujada awa ɗaya cif. Amma ranar Talata zauren ya cika da masu karɓar abincin taimako, kuma tsofaffin nan ne ke rabawa. Cocin 'yan Najeriya kuwa a cike, sai dai mu ne a ciki mu kaɗai.

Ga masu tambayar da wata manufa a zuci, bari in faɗa a fili: bizar ziyara ba ta aiki ba ce. Wanda ya bi ayarin coci ya sulale, ya rufe ƙofa ga duk wanda zai nema bayansa, ya kuma bar faston da ya sa masa hannu da amsa tambayoyi. Ba na rubuta wa kowa takarda sai na san abin da zai dawo da shi gida.

Mata za su iya zuwa?

Tafiyar da ba mata rabin labari ake samowa. Mu maza muna zaure ana gaya mana abin da ya dace baƙo ya ji. Su Mama kuwa suna madafa, kafin tuwo ya nuna sun san wata nawa mai bishara bai ga albashi ba, da yaran da aka cire daga lakwal, da yadda zumuntar matan can ke adashen hatsi don gwauraye. Mafi amfanin abin da muka taɓa kawowa gida daga bakinsu ya fito.

Hoto fa? Muna son mu sa a Facebook.

Ku tambaya kafin ku ɗauka, ku sake tambaya kafin ku ɗora. Majinyaci ba abin kallo ba ne, musamman matan da ke jinyar yoyon fitsari. Akwai kuma wanda danginsa ba su san yana zuwa coci ba, hoto ɗaya zai iya raba shi da gida. Shingen jami'an tsaro ko gadar kan iyaka kuwa, ko wayar kada a gani a hannunka.

Bayan an dawo, sai me?

Minti goma a gaban ikkilisiya, ba labarin abin da aka ci ba. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani ana yi wanda za mu iya gwadawa ba tare da jiran kuɗin kowa ba. Sannan a rubuta wasiƙar godiya, a kuma gayyace su su ma su zo, a shirya biyan kuɗin motarsu. Sau biyu 'yan Maraɗi suka zo mana, kuma tambayar da suka yi mana, me ya sa muke karɓar baiko har sau uku a sujada ɗaya, har yanzu kwamiti bai gama amsa ta ba.

Kai Baba, me ka gwada a cikin abin da ka gani?

Sassabin nan. Ina da 'yar gona a hanyar Ɓatagarawa. Shekarar da na dawo na hana yaran da ke mini aiki share tofon kalgo da sabara, na nuna musu yankan da tsohon nan ya koya mini. Maƙwabcina na gona, Alhaji, ya tsaya a kan iyaka yana kallo, ya ce, "Malam, tsufa ne ko ƙyuya?" Shekara ta farko awaki suka cinye rabi. Ta biyu wasu suka sare mini guda bakwai da dare. Yanzu akwai talatin da ɗaya da suka fi ni tsawo. Bazarar da ta wuce Alhaji ya aiko ɗansa ya ari wuƙar.